Ƙafata a Gwiwar Maigida

Ƙarar filasta ce ta ja mini. Duk wanda ya taɓa jan filasta mai faɗi daga naɗinta ya san ƙarar, wani ƙiiii kamar ana yaga sabuwar atamfa. Ranar Asabar ce da hantsi, a kicin ɗinmu na garin Springfield, a ƙasar Turawa. Ina zaune a kujera, maigidana, wanda nake kira Malam, yana durƙushe a kan tayil, ƙafata ta dama tana bisa gwiwarsa. Autarmu mai shekara bakwai tana jingine da firji riƙe da wayarsa, tana gaisawa da gwaggonta ta Kano, babbar yayar Malam, wadda duk gidansu ake ce wa Yaya. Gaisuwar ma rabi da rabi ce, Yaya tana tambaya da Hausa, Auta tana amsawa da Turanci, kowacce tana gyaɗa kai.

Sai Malam ya ja filasta.

"Ƙarar mene ne nake ji haka?" in ji Yaya.

Auta ba ta san sunan abin da Hausa ba, sai ta yi abin da ya fi mata sauƙi, ta juya wayar ta haska mu.

Na ga fuskar Yaya ƙarama a cikin wayar, ta matso da ido kamar mai zura zare a allura. Na ce, "Yaya, ina wuni, ya gida?" Ƙanenta take kallo, injiniya mai furfura a gemu, gwiwa a ƙasa, almakashi a baki, tafin ƙafar matarsa a hannu.

"Kai ne a ƙasa?" ta ce.

Malam ya cire almakashin ya yi dariya. "Jinya nake yi, Yaya. Dunduniyarta ce."

"To. Allah ya ba da lafiya." Ta kashe.

Mu kuwa muka ci gaba da abinmu, don a lokacin ban ga abin ɓoyewa ba. Har yau ma ban gani ba.

Ciwon ya fara mini tun ganyen bishiyoyi yana yin ja. In na sauko daga gado da asuba, takun farko sai in ji kamar an kafa ƙusa a tsakiyar dunduniyata. In dafa bango in ɗingisa zuwa banɗaki, bayan taku goma ko ashirin ya ɗan sake ni, in na zauna na tashi ya dawo sabo. Babu kumburi, babu jini, babu abin da zan nuna wa mutum. Na shafa man zafi, na gasa da ruwan ɗumi da gishiri, na sa man kaɗanya da aka kawo mini daga gida. Wata uku ina haka kafin in yarda a kai ni asibiti.

Likitar ta danna wurin da babban yatsanta, saura kaɗan in hamɓare ta. Ta ce akwai wata jijiya mai faɗi da ta shimfiɗu a tafin ƙafa, daga dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce ta gaji ta fara tsattsagewa daga tushe. Ta tambaye ni irin takalmin da nake sawa a gida. Na ce takalmi a cikin gida? Mu a bakin ƙofa muke cirewa. Shekara goma sha shida ina taka tayil da katako ƙafa tsirara, ina tsayuwar girki, ina hawa da sauka zuwa ɗakin wanki na ƙasa da kwandon kaya a kugu. Ta ce to ga sakamakon. Ta tura ni wajen masu gashin ƙashi.

A can wata mata mai sanyin hannu ta nuna mana ɗaurin filasta. Sai an tayar da ƙafar tsaye, yatsu suna kallon sama. A ɗauko dogon zubi ɗaya, wato zirin filasta, daga gindin ƙaramin yatsa, a zagayo da shi ta bayan dunduniya, a dire a gindin babban yatsa. Sannan a yi ta jera gajeru a tafin ƙafa, daga waje a jawo ciki, kowanne ya hau rabin ɗan'uwansa, har a rufe kwarin ƙafar. A ƙarshe a sake zagayowa da dogo a danne bakinsu. Ta ce filastar tana ɗauke wa jijiyar nauyi ne ta samu ta huta, kuma duk kwana uku a cire, a bar fata ta sha iska, a sake. Ta gwada ni in yi da kaina. Na lanƙwasa, bayana ya ƙi, in na kamo dunduniya sai ƙafar ta kwanta, in na tayar da ita sai hannuna ya kasa kaiwa. Matar ta dubi Malam. Kafin ta yi magana ya naɗe hannun riga.

Wallahi ya iya. Har ma'auni ya zo da shi gida, yana auna zubi yana yankawa daidai, yana jera su a bakin tebur kafin ya fara. Yana cewa, "Maman yara, wannan ai aikin gada ne, in tushe ya zauna sauran wasa ne." Ni kuma damuwata alwala ce, na sa ya tambayo mini malamin masallacinmu, aka ce in wanke inda yake buɗe in shafi bisa filastar, tunda magani ne. Washegarin ɗaurin farko na sauko daga gado ina jiran ƙusa, sai na ji ta dushe. Na yi sallar asuba a tsaye ba tare da na jingine nauyina a ƙafa ɗaya ba. A sujada na yi wa Malam addu'ar da ban taɓa yi masa irinta ba.

Sati uku muna haka lafiya, sannan aka yi wannan waya.

Kafin la'asar ɗinmu saƙon murya ya shiga zauren dangin su Malam. Ni ba na ciki, matar ƙanensa ce ta turo mini, da nata guntun tausayin a sama. Minti shida Yaya tana magana. Ta ce ta ga abin da ya hana ta cin tuwon dare. Ta ce ɗan gidansu, wanda mahaifinsu bai taɓa ɗaukar ko tsintsiya ba, an mayar da shi mai wankin ƙafa a ƙasar Turawa. Ta ce yau ƙafa aka miƙa masa, gobe wankewa za a yi a ba shi ya sha, in ma ba a riga an ba shi ba. Ta ce dama ta lura ya rage kira. Ta rufe da salati.

Na saurara sau biyu a ɗakin wanki, injin yana juyi don kada yara su ji. Yayar nan ni na yi jinyar mahaifiyarta. Lokacin da aka kawo Hajiya nan ƙasar aikin ido, wata huɗu tana ɗakina. Ni nake yi mata wanka, ni nake yanke mata farce, ni nake zama a ƙasa in ɗora ƙafafunta a cinyata in bi faso da man kaɗanya. A lokacin Yaya tana kira tana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yar aljanna." Shi kansa Malam, duk sanyin da ya dawo daga wurin aiki ƙafa kamar ƙanƙara, wa yake kawo ruwan ɗumi a roba? Shekara goma sha shida ina ƙasa, babu wanda ya ce an wanke an ba ni. Shi minti goma duk kwana uku, har an kai ga salati.

Na ɗauka maganar za ta tsaya a Kano. Ashe Kano da nan babu nisa in dai gulma ce. Yaya tana da ƙawa, ƙawar tana da 'ya a Upper Marlboro, nan yankinmu. Juma'ar da ta biyo Malam ya dawo daga masallaci bai ci abincin kirki ba. Daga baya na ji abin da aka yi. A wajen ajiye motoci wani abokinsa ɗan jarida ya ce masa, "Injiniya, ashe an buɗe asibitin ɗori a Springfield ba a gayyace mu ba?" Wani ya ɗaga ƙafa ya ce tasa ma tana ciwo, nawa ne kuɗin layi. Wani dattijo da ba ya wasa ya ja shi gefe ya ce tausayin iyali ibada ne, amma namiji ya san inda zai tsaya, kada a wayi gari ana ce masa mijin-ta-ce.

Ranar Lahadi akwai suna a Manassas, ni aka ba wa suyar masa kamar kullum. Ina cire takalmi a bakin ƙofa na ji idanu sun sauka ƙasa. Wata 'yar Nijar mai barkwanci ta ce, "Hajiya, mu salatif ɗin lalle muka sani, a kwana a cire a ga zane. Naki yaushe za a buɗe mu ga aikin Malam?" Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, don ba ta da mugunta. Wadda ta ƙona mini rai wata babba ce, matar likita, da ta matso kusa da kaskon masa ta rage murya ta ce, "Ƙanwata, ki rufa wa mijinki asiri. Irin wannan mace ake nema ta yi."

Na juya masa uku kafin in amsa. Na ce, "Gaskiya ne, Anti. Ranar Talata za a canza, da ƙarfe shida na safe. Zan turo miki adireshi."

Ta ce ai ta yi nisa, kuma ga kai yara makaranta, ga cunkoson hanya.

Abin ke nan. Da a gidanmu na Kano ne, kafin in buɗe baki mata biyar sun kama ƙafar nan, ga Inna, ga matan yayyena, ga maƙwabciya ta katanga. Namiji ba zai ma san ana yi ba. A nan maƙwabciyata ta dama ban san sunanta ba, ta hagu karenta kawai nake gani. Bahaushiyar da ta fi kusa da ni tafiyar minti arba'in ce a mota, in hanya ta yi kyau. 'Ya'yana maza biyu, babban yana jami'a a wata jiha, na biyun ko igiyar takalminsa sai an yi faɗa. An kwaso kunyar gida an zo da ita cikin akwati, matan da suke sa kunyar ta yiwu kuwa an baro su can. Kowa yana da bakin cewa bai dace ba, babu mai hannun cewa kawo ƙafar.

Talata ta zo. Na cire tsohuwar filasta tun dare, na wanke ƙafa, da safe na zauna a kujerar kicin na ajiye almakashi da naɗin a tebur. Malam ya sauko da jakarsa a kafaɗa, ya dubi agogo.

"Yau ina da taro da wuri, Maman yara. Da yamma."

Da yamma ya gaji. Laraba ya dawo da leda, a ciki wata safa mai matsewa da wani abu mai laushi da ake sawa cikin takalmi. Ya ce mai kantin magani ya ce sun fi filasta. Na ce likita ce ta ce, ko mai kanti? Ya ce ai duk ɗaya ne. Alhamis ya ce zai nemo mini ranar komawa wajen masu gashin ƙashi su riƙa yi da kansu, aka ba mu sati biyar nan gaba. Bai taɓa buɗe baki ya ce ya daina ba. Da ya faɗa da na san da wa nake faɗa. Sai dai ya riƙa bi ta ƙofar gareji don kada ya wuce kujerar.

Ni ma ban roƙa ba. Ba girman kai ba ne, ko kuma akwai shi kaɗan, Allah ya yafe mini. Ina ganin abin da mutum ya ga amfaninsa da idonsa, ya ga matarsa ta miƙe bayan wata uku tana dafa bango, bai kamata sai an durƙusa masa kafin ya durƙusa ba.

Na gwada da kaina. Na zauna a matakala na tokare yatsuna da bango, na ja, na manna. Filastar ta tattare a kwarin ƙafa, wani wuri ta matse har yatsuna suka yi sanyi, wani wuri ta saki. Na yini da ita a haka. Da na zo cirewa ta tafi da fata, ta bar mini bororo biyu a gefen dunduniya. Ga ƙusa ta dawo, ga gyambo a kanta.

Ranar da na kasa tsayuwar azahar ba zan manta ba. Na yi kabbara, na kai rabin Fatiha, ƙafar ta ɗauki rawa. Na sallame, na jawo kujerar cin abinci na ɗora a kan darduma. Na san addini ya yi sauƙi, na san Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba za ta iya ba. Amma ina da shekara arba'in da uku. Kakata ta haura tamanin tana sa goshi a ƙasa. Na zauna a kujerar nan ina sunkuyar da kai a iska a madadin sujada, hawaye yana ɗiga a hijabina, kuma ba na tsoron Allah ba ne, na haushi ne. Ina cewa a raina, ba ciwo ne ya zaunar da ni ba, maganinsa yana cikin durowa, dariyar wajen ajiye motoci ce ta zaunar da ni. Sai kuma in yi istigfari don na kawo fushi cikin salla. Mutanen nan duk sun san Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida. A wa'azi suna gyaɗa kai har hula tana motsi.

Malam bai sani ba. Asuba da isha yana masallaci, azahar da la'asar yana wurin aiki, ko masallaci in ƙarshen mako ne, magariba tana riskarsa a hanya. Ni kuma ina idarwa nake mayar da kujerar mazauninta. Yaya ta kira sau ɗaya a tsakanin, muryarta garau, ta ce ya jiki. Na ce da sauƙi. Ta ce, "Ai haƙuri shi ne maganin zaman duniya." Na ce haka ne, Yaya. Na ajiye wayar a hankali, don in na bi ta zuciyata sai an sayi sabuwa.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Ranar Asabar aka wayi gari da ƙanƙara, hanya ta toshe, Malam ya yi azahar a gida. Ya idar da tasa a falo ya hau sama. Ni na jira sai da na ji ya rufe ƙofa, na jawo kujerata. Auta ta saba yin salla a gefena, da ɗan hijabinta mai ruwan hoda. Kwanakin nan ita ma sai ta riƙa jawo ƙaramar kujerarta ta roba ta zauna, ta sunkuya in na sunkuya. Ban hana ta ba, ban da ƙarfin bayani.

Muna raka'a ta uku ya sauko neman caja. Na ji takunsa ya tsaya. Da muka sallame ya dubi yarinyar, don ita ce mai sauƙin duba.

"Ke Auta, wane irin wasa ne wannan? Lafiyarki ƙalau kike salla a zaune? Tashi ki sake."

Ta amsa masa da Turanci, ta ce haka Mama take yi kullum.

"Kullum?" Ya juyo. "Tun yaushe?"

Na naɗe carbina. Na ce, "Tun bayan taronka na wuri."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka me, Malam? Kai ka auna filastar da ma'auni. Ka san ranar da ake canzawa fiye da ni."

"Ba ki san abin da ake faɗa a gari ba ne."

"Na sani. Minti shida ne, na ji sau biyu." Na ajiye carbin a kan darduma. "Mutanen da suka yi maka dariya, akwai wanda ya rasa raka'a ɗaya a tsaye saboda ni? Ni na rasa ta kwana takwas saboda su. In an tambaye ni ranar gobe zan ce ciwo ne. Kai ban san me za ka ce ba."

Ban taɓa yi masa magana irin wannan ba, a gaban yarinya kuma. Na zaci zai hau sama. Ya tsaya yana kallon kujerun nan biyu, babba da ƙarama, a kan darduma ɗaya. Can ya wuce kicin, na ji ya buɗe durowa.

Na ɗingisa na bi shi. Ya ajiye naɗin da almakashi a tebur, ya nufi taga zai saki labule. Waje fari fat, babu kowa sai wani maƙwabci can nesa yana kwashe ƙanƙara da shebur.

Na ce, "Bar labulen."

"Maman yara."

"Ba sata za ka yi ba. In sai an rufe, bar shi, na saba da kujera."

Hannunsa ya daɗe a jikin igiyar. Sannan ya sake ta. Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ɗauki ƙafata. Da ya ga bororon ya ja numfashi ta haƙori.

"Wa ya yi wannan?"

"Macen da aka ce a nema."

Ya wanke wurin, ya sa auduga a kan gyambon, ya yanka zubinsa ya jera. Hannunsa bai manta ba. Dogo ta bayan dunduniya, gajeru daga waje zuwa ciki, kowanne a kan rabin ɗan'uwansa. Ina kallon tsakiyar kansa inda gashi ya fara gudu, haushina yana nan, amma tausayi yana ta turo kai ta ƙarƙashinsa, don ni haka Allah ya yi ni. Da ya gama ya murza tafin da hannu biyu don ta kama, ya ce in taka.

Na taka. Ƙusar ta dushe. Na saki tebur na tsaya da ƙafa biyu, na san la'asar a tsaye zan yi ta.

Bakina ya buɗe da kansa zai ce sannu da aiki, Allah ya saka da alheri, yadda aka koya mini tun ina ƙarama. Sai na ji an ja gefen hijabina. Auta ce, tana tsaye tun ɗazu a bakin ƙofa ashe. Ta dube ni, ta haɗo Hausarta ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu.

"Mama, kar ki ce sannu tukuna. Abba bai ce yi haƙuri ba."